Sauya Takin Zamani da na Gargajiya a Harabar Gida: Lissafin Riba da Hasara ga Magidantan Gombe

GOMBE — Tun daga shekarar 2022, lokacin da farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, zuwa faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya a 2023 da 2024, babu wani mai hulɗa da ƙasa a Jihar Gombe da bai sake duba lissafinsa ba. Galibin maganar da ake yi ta tsaya ne a kan manoman masara da shinkafa, kuma hakan ya dace, domin su ne suka fi ji a jika. Amma akwai wani rukuni da ba a cika ambatonsa ba, watau magidanta da makarantu da otal-otal da ofisoshin da ke da filin ciyawar ado, da furanni, da 'yan itatuwa a harabarsu.

Tambayar da ke gaban waɗannan mutane ita ce ko ya kamata su bar takin buhu da maganin feshi, su koma ga takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye. Idan aka bi lissafin a tsanake, za a tarar cewa sauyin yana da riba. Sai dai ribar ba ta fitowa daga inda yawancin mutane ke zato. Kuɗin taki ƙalilan ne a cikin abin da filin ciyawa ke lashewa. Babban abin da yake ci a gari irin Gombe shi ne ruwa, kuma a nan ne ya kamata a auna kowane sauyi.

Yadda takin buhu ya samu gindin zama

Gombe na cikin wuraren da aka fara yaɗa takin zamani gadan-gadan a Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1970 ne aka kafa shirye-shiryen bunƙasa aikin gona guda uku na farko da taimakon Bankin Duniya, a Funtuwa da Gusau da Gombe, kuma raba taki ga manoma na daga cikin manyan ayyukansu. A wancan zamani Gwamnatin Tarayya ce ke saye da rarraba taki, tana kuma ɗaukar kaso mafi tsoka na farashinsa, wanda yakan kai kashi 75 cikin 100 ko fiye. An buɗe masana'antar takin supa a Kaduna a 1976, sa'an nan kamfanin NAFCON ya fara aiki a Onne ta Jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980.

Arhar da takin ya yi ta sa ya shiga ko'ina, har da gidajen gwamnati da na manyan ma'aikata, inda gadina kan ɗebi kwano guda ya watsa wa ciyawa da furanni ba tare da awo ba. Takin shanu da na tumaki kuwa, wanda kaka da kakanni suka dogara da shi, sai aka fara yi masa kallon abin ƙauye.

Daga baya al'amura suka sauya. A 1997 gwamnati ta janye rangwamen ta sakar wa 'yan kasuwa harkar, a 1999 kuma aka maido da rangwamen kashi 25 cikin 100. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko a ƙarƙashin shirin taki na Shugaban Ƙasa, wanda ya tsayar da farashin buhun kamfa mai kilo 50 a kan N5,500. Wannan farashi bai ɗore ba. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya dagula kasuwar sinadarin fotash, wanda Nijeriya ke shigo da shi daga waje. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. A wannan shekarar buhun taki ya wuce N30,000 a kasuwanni da dama.

Ko da yake ana sarrafa yuriya a cikin gida, musamman bayan ƙaddamar da masana'antar Dangote a Legas a watan Maris na 2022, mai ƙarfin fitar da tan miliyan 3 a shekara, farashinta na bin na kasuwar duniya, tun da kamfanonin na iya sayar da ita a waje su karɓi Dala. Haka nan yawancin magungunan kashe ciyawa da ƙwari daga ƙetare suke zuwa. A taƙaice, duk wanda ke ciyar da harabarsa da kayan buhu da na kwalba, ya ɗaura ta ne a kan kuɗin musaya. Kashin shanun da ke kwance a mashekari kuwa da Naira ake cinikinsa.

Abin da filin ciyawa ke ci

Domin fahimtar al'amarin, ya kamata a ɗauki misalin fili mai faɗin murabba'in mita 100, watau mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi, wanda ya yi daidai da abin da ake gani a gaban gida matsakaici.

Irin wannan fili, idan ana son ya yi kore daidai gwargwado, yana bukatar kimanin kilo ɗaya zuwa biyu na sinadarin naitrojin a shekara. A ɗauki kilo ɗaya da rabi. Yuriya na ɗauke da naitrojin kashi 46 cikin 100, saboda haka buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Ke nan abin da filin ke bukata a shekara bai wuce kilo uku da 'yan kai na yuriya ba, buhu guda kuma zai iya kai shi shekara 15. Idan kamfa ce mai lamba 15-15-15, kilo 10 ya wadatar, watau kashi ɗaya cikin biyar na buhu. Duk magidancin da ya ga ana ƙarar da buhu guda a shekara a kan fili irin wannan, to ana zuba ninki biyar na abin da ake bukata, ko ma fiye, kuma rarar ba ta tsayawa a ƙasa. Wani kaso na yuriya yana tashi sama a matsayin iska idan aka watsa ta a rana ba a ba da ruwa ba, wani kuma ruwa ya wanke shi ya yi ƙasa da shi.

Sai batun ruwa. Ƙa'idar da masana kula da ciyawa suka fi bayarwa ita ce milimita 25 a mako. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka filin na shan lita 2,500 a kowane mako, watau jarka 100 mai cin lita 25. Rani a Gombe yakan ɗauki aƙalla wata shida, daga Nuwamba zuwa Afrilu. A cikin mako 26 filin zai sha lita 65,000, daidai da jarka 2,600, ko tanka shida da rabi mai cin lita 10,000. Wannan kuwa shi ne mafi ƙarancin lissafi, domin a zafin bazara na Maris da Afrilu bukatar tana ƙaruwa ainun.

Kowane magidanci na iya ɗaukar farashin jarka a wurin 'yan garuwan unguwarsu ya ninka sau 2,600, sa'an nan ya kwatanta da kuɗin kilo 10 na kamfa. Tazarar da zai gani ita ce ginshiƙin wannan bayani. Wanda ke da rijiyar burtsatse ma bai tsira ba, domin yana biya ta hanyar man janareta ko kuɗin lantarki, da gyaran famfo.

Ƙasar Gombe da ruwanta

Dalilai biyu ne suka sa wannan lissafi ya fi tsanani a Gombe. Na farko shi ne yanayin ƙasar. Yawancin garin na zaune ne a kan ƙasa mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe taki. A wasu sassan, musamman ta yamma, ruwan ƙarƙashin ƙasa na da nisa ƙwarai, haƙa rijiyar burtsatse kuma na da tsada. Ruwan famfon garin ana turo shi ne daga madatsar Daɗin Kowa da ke kan kogin Gongola, mai nisan kimanin kilomita 40 ta gabas, kuma turo shi na cin wuta da kuɗi.

Na biyu shi ne bunƙasar garin. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama hedikwata, ya yi ta faɗaɗa. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Gombe kaɗai na da mutum fiye da 260,000, kuma tun daga lokacin gine-gine suka tsallaka zuwa Tumfure da sauran yankunan da ke ƙarƙashin Akko. Kowace sabuwar unguwa na neman rabonta daga ruwan da bai ishi Jekadafari da Bolari da Pantami ba.

Ganin haka, magidanta da yawa sun zaɓi su daɓe harabarsu gaba ɗaya da siminti ko intalok, su huta. Ga mutum ɗaya wannan dabara ce, amma ga gari ɗungurungum hasara ce. Gombe na fama da zaizayar ƙasa, kuma kwazazzaban da suka ratsa unguwanni sun ci gidaje da hanyoyi, har ta kai an kashe maƙudan kuɗi a kansu ta shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL masu samun tallafin Bankin Duniya, ciki har da kwarin da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna. Ruwan saman da ya sauka a kan siminti ba ya nitsewa. Yana fita titi ne a guje ya ƙara wa kwarin ƙarfi. Ruwa mai milimita 40 a dare ɗaya, a kan daɓe mai murabba'in mita 100, lita 4,000 ne ake sakar wa maƙwabta na gangare. Don haka ƙasar da aka bari a buɗe, mai ciyawa ko itace, tana yi wa jama'a aikin da ba a biyan mai ita. Wannan tunani ne ya sa gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green a 2019, da burin dasa itatuwa miliyan ɗaya a kowace shekara.

Abin da takin gargajiya ke iyawa, da wanda ba ya iyawa

Idan ƙarfin sinadari kawai za a duba, takin dabbobi ba ya kusa da na buhu. Busasshen kashin shanu yakan ƙunshi naitrojin kimanin kashi ɗaya cikin 100, na kaji kuma kashi biyu zuwa huɗu. Kafin a samu kilo 23 ɗin da ke cikin buhun yuriya guda, sai an tara fiye da tan biyu na kashin shanu. Bugu da ƙari, ba duka ne shuka ke samu a shekarar farko ba, domin sai ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sun narkar da shi sannu a hankali. Wannan nauyi shi ne ya sa jigilar takin dabbobi zuwa gona mai nisa ke da tsada.

Amma a harabar gida nauyin ba matsala ba ce. Kilo ɗaya da rabi na naitrojin na nufin kilo 150 zuwa 300 na ruɓaɓɓen taki a shekara, abin da kura ko amalanke za ta kawo a sawu ɗaya ko biyu. Abin da ya sa manomi mai kadada biyar ba zai iya rabuwa da takin buhu ba, bai shafi mai murabba'in mita 100 ba.

Sa'an nan takin gargajiya na yin aikin da yuriya ba ta yi. Ruɓaɓɓen abu yana haɗa ƙwayoyin yashi su dunƙule, yana ƙara wa ƙasa ikon riƙe danshi, yana kuma riƙe sinadarai kada ruwa ya tafi da su. Yana kawo ƙananan sinadaran da babu su a buhun kamfa. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru kuwa yana sa ƙasa ta yi tsami, yana kuma sa ciyawa ta yi saurin tofo, wanda ke jawo ƙarin yanka da ƙarin ban ruwa.

Duk da haka, bai kamata a zuzuta abin fiye da kima ba. Taki ba zai mayar da yashi ya koma laka ba, kuma a ƙasa mai zafi ruɓaɓɓen abu na saurin ƙarewa, dole a riƙa sabunta shi kowace shekara. Ragin ruwan da yake kawowa matsakaici ne. Babban ragin na zuwa ne idan aka haɗa takin da wasu sauye-sauye: irin ciyawar da aka shuka, tsawon da ake barinta, yadda ake ba ta ruwa, da kuma faɗin filin kansa.

Batun maganin feshi

Ɓangare na biyu na sauyin shi ne barin maganin kashe ciyawa da na ƙwari. A nan lissafin ya wuce na kuɗi, domin harabar gida wuri ne da yara ke wasa, kaji ke kiwo, ake shanya hatsi da wanki. Mai feshin kuma sau da yawa ba shi da safar hannu ko abin rufe hanci, kuma kwalbar da ta ƙare a gida take zama.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗarta a kan sakaci da waɗannan magunguna. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa, lamarin da ya shafi jihohi masu noman wake da cinikinsa irin Gombe. A wannan shekarar ce kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya glyphosate cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, ko da yake wasu hukumomin a Turai da Amurka ba su amince da wannan matsayi ba. Hukumar NAFDAC ta sanya paraquat da atrazine cikin magungunan da ta ba da sanarwar kawar da su daga kasuwa.

A wasu ƙasashen, harabar gida aka fara tsamewa daga feshi tun kafin a taɓa gonaki. Garin Hudson na ƙasar Kanada ya kafa dokar hana feshin ado a 1991, Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da ita a 2001, lardin Ontario kuma ya bi sahu a 2009. A Faransa an hana masu lambun gida saye da amfani da irin waɗannan magunguna daga 1 ga Janairu, 2019. Hujjarsu ɗaya ce: manomi na ɗaukar kasadar magani domin ya ceci abinci, mai ciyawar ado kuwa ba shi da abin da zai ceta sai kyan gani.

Matakan sauyi

Sauyin ba na dare ɗaya ba ne. Filin da ya saba da yuriya zai yi fari-fari idan aka yanke masa ita kwatsam, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke karaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba shi damina biyu zuwa uku: a rage takin buhu da rabi a shekarar farko tare da zuba na gargajiya, a sake ragewa a ta biyu, a daina a ta uku.

Mataki na farko shi ne ramin taki a wani lungu mai inuwa. Ana jera busasshen ganye da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, a bi da ɗanyen abu kamar yankakkiyar ciyawa da ɓawon kayan miya, a bi da kashin dabbobi, a yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba. Ana juya shi bayan kowane mako biyu. Idan haɗin ya yi daidai, cikinsa zai yi zafin da ya haura digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafi ne ke kashe irin ciyayi da ƙwayoyin cuta. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona ciyawa, yana tara ƙuda, na shanu kuma yana zuwa da irin ƙarangiya da sauran ciyayin daji. Toka na da fotash, amma kaɗan ake sawa. Sharar bola kuwa sai an tace ta daga leda da kwalba da tsofaffin batura.

Mataki na biyu shi ne zubawa. Lokacin da ya fi kyau shi ne faɗuwar damina, a watan Mayu ko Yuni. A caccaka ƙasar da ta taurare domin iska da ruwa su shiga, a baza takin da kaurin santimita ɗaya, a share shi ya shige tsakanin ciyawa. Ga fili mai murabba'in mita 100 wannan na nufin kimanin baro 12 zuwa 15. Wannan zubi ne na farko domin gyaran ƙasa; a shekarun da ke biye rabin haka ya isa.

Na uku shi ne yanka. Ciyawar da aka aske har ƙasa saiwarta gajera ce, rana kuma na dukan ƙasar kai-tsaye. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Abin da aka yanke a bar shi a wurin ya ruɓe, domin yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitrojin da filin ke bukata. Al'adar share shi a ƙona tare da ganyen itatuwa daidai take da ƙona kuɗi.

Na huɗu shi ne ban ruwa. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Ruwa mai yawa sau biyu a mako, da sassafe, yana sa ta bi danshi zuwa ƙasa. Ruwan alwala da na wanke kayan miya da na ɗauraya, muddin babu sabulu mai ƙarfi ko bilic a ciki, ana iya karkatar da su zuwa gindin itatuwa.

Na biyar shi ne ciyayin da ba a so da ƙwari. Filin da ya yi kauri shi da kansa yake hana baƙin ciyayi wuri; sauran sai hannu da ƙaramar fartanya, kafin su yi 'ya'ya. Aya-aya ce mai taurin kai, sai an tono ta da 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa. Ga ƙwari kuwa, dogon yaro da ya cika titunan garin magani ne: ana daka 'ya'yansa a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a fesa da yamma. Tunkuzar da ta rage bayan an matse mansa taki ce mai kyau. Gara na bin busasshen abin da bai ruɓe ba, don haka a nisanta ramin taki da tulin kara daga bangon gida da katakon rufi.

Mataki na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran tasiri a aljihu, shi ne rage faɗin filin da zaɓen irin da ya dace. Kiri-kiri, wadda ke fitowa da kanta a bakin hanya, tana jure fari da tattaki. Idan ta rasa ruwa sai ta bushe ta kwanta, ta farfaɗo da ruwan farko. Magidancin da ya yarda filinsa ya yi launin ƙasa daga Janairu zuwa Afrilu ya tsira da mafi yawan lita 65,000 ɗin nan. Wanda ya rage filin zuwa murabba'in mita 30, ya dasa zogale da lemun tsami da gwaiba da shingen lalle a sauran, ya rage ruwan ciyawa da kashi 70 cikin 100, ya kuma samu abin miya. A gefen gangare, jema na riƙe ƙasa da dogayen saiwoyinta. Masu neman dashe da shawara suna da Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu a Daɗin Kowa, wadda aka kafa a 2002.

Kasuwar taki da masu cin moriyarta

Cinikin takin gargajiya ba baƙon abu ba ne a Arewa. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna shiga birni da jakuna da mangala suna kwaso taki da shara zuwa gonakinsu, abin da ya ba su damar noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kamar yadda binciken masani Michael Mortimore ya bayyana. Haka kuma tsohuwar yarjejeniyar da manomi ke yi da makiyayi, ya sauka a gonarsa bayan girbi a ba shi hatsi, ciniki ne na taki.

Gombe na da kayan wannan kasuwa a wadace: shanun jihar, da tumaki da awakin da ake turkewa a gidaje, da gonakin kaji na bayan gari, da kasuwannin dabbobi da mahauta, da ɓuntun injinan casar shinkafa, da ɓawon da ke fita daga hada-hadar Tudun Hatsi. Kaso mai yawa na sharar gidaje ma abu ne mai ruɓewa, wanda hukumar tsabtace muhalli ta jihar ke kashe kuɗi wajen kwashewa. Duk wanda ya iya tara waɗannan, ya ruɓar da su yadda ya kamata, ya tace, ya ɗura a buhu, ya samu sana'ar da jarinta fili ne da ruwa da ƙarfi. Kuɗin da magidanci ya biya shi kuwa a cikin garin zai zagaya, tsakanin mai kura da lebura da mai dabbobi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, babu ma'aunin inganci. Buhun kamfa na ɗauke da lambobinsa, amma mai sayen takin dabbobi ba shi da tabbacin ko rabinsa yashi ne. Alamar da zai dogara da ita ita ce launi da wari da laushi a hannu. Na biyu, takin ba shi da yawan da ake zato. Tun da na buhu ya yi tsada, masu lambu da manoman kusa da gari suka ƙara neman kashin kaji da na shanu. Idan masu hali suka shigo kasuwar da ƙarfi domin ado, za su ɗaga farashi a kan mai noman tumatir da albasa. Wannan wani dalili ne na fifita takin da gida ke samarwa da kansa daga ganye da shara.

Iyakar darasin

Bai kamata a ɗauki abin da ya yi daidai a harabar gida a ɗora wa gona ba. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani baki ɗaya, da nufin mayar da noman ƙasar na gargajiya zalla. Amfanin shinkafa ya faɗi warwas, kuma kafin ƙarshen shekarar aka fara janye dokar. Matsalar Afirka ma ta ƙarancin taki ce: taron ƙolin da aka yi a Abuja a watan Yunin 2006 ya tarar ana amfani da kimanin kilo 8 a kowace kadada, ya sa burin kaiwa kilo 50. Taron Nairobi na watan Mayun 2024 ya ƙara jaddada haɗa takin zamani da na gargajiya domin lafiyar ƙasa. Manomin masara a Kaltungo ko Dukku na bukatar duka biyun.

Mai ciyawar ado kuwa yana da zaɓin da manomin ba shi da shi. Idan gwajinsa ya gaza a shekarar farko, abin da ya rasa kore ne na 'yan watanni. Abin da zai biya shi ne ƙarin aikin hannu, da haƙurin damina biyu ko uku, da amincewa da filin da ba zai yi kama da na hoton kalanda ba a watan Maris. Abin da zai samu shi ne ragin kuɗin ruwa, da harabar da yara za su yi wasa a cikinta ba fargaba, da kasafin da ba ya motsi duk lokacin da Dala ta motsa. Ga wanda ya yanke shawara, aikin na farawa ne da kaka, sa'ad da ganye ke zuba, ɓawon gyaɗa kuma ke arha: ramin da aka cika a Nuwamba ko Disamba zai nuna tun kafin ruwan farko ya sauka.